Jiniya Mai Kuka Ranar Awara

Sunansa na takarda Lam Van Kiem, amma in ka shigo lungunmu a My Tho kana tambayar Kiem, sai ka sha yawo har takalminka ya tsinke. Bakwai muke ce masa, Bakwai mai rediyo. Shi ne na shida a ɗakin uwarsa, mu kuwa a nan ɗan fari Biyu ake kiransa, to ka ga lissafi ya fita. Ni ce Huɗu. Shekara talatin da takwas ke nan ina sayar da taliyar shinkafa a bakin lungun, da teburi uku da kujerun roba tara. Ba mai shiga ko fita ban gan shi ba, kuma ba a taɓa zargina da kau da kai ba.

Bakwai ya girme ni da shekara uku. Rumfarsa tana bayan kasuwa, faɗinta bai wuce tabarma ɗaya ba, a nan ya yi shekara arba'in da wani abu yana gyaran rediyo. Mutum zai kawo nasa, ya buɗe baki zai ba da labarin ciwon, sai Bakwai ya ɗaga masa hannu: "Yi shiru, bar shi ya faɗa da bakinsa." Ya kunna, ya kara a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin gulma mai daɗi, sannan ya ce abu kaza ne ya ƙone. Kuma shi ɗin ne. In rediyo ya mutu murus, ya ce ya mutu, ba ya riƙe shi sati biyu yana cewa a dawo jibi. Shi ya sa bai yi arziki ba. Matarsa Lua takan ce ta auri mutumin da ke sauraron duk abin da ke da batir a ciki, ita kuwa an haife ta babu.

Sai wayar hannu ta zo ta cinye rediyo. Rumfar ta koma hannun wata mai sayar da rigunan waya, Bakwai ya kwaso akwatunansa na ƙusoshi da tarkace ya dawo gida. Shekara shida da suka wuce Lua ta kwanta ciwo, wata biyu ta tafi. 'Ya'yansu biyu. Phat yana Saigon, a hawa na goma sha tara na wani dogon gini. Diem tana Taiwan shekara goma sha ɗaya, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana yi wa iyayen wasu wanka tana ba su abinci a baki. Ita ce mai kira, ita ce mai yanke hukunci. Phat nasa tuƙa mota.

Tun daga nan ranakun Bakwai suka zama iri ɗaya. Ƙarfe shida ya buɗe ƙofa ya share gabanta. Ya kunna wa Lua turaren tsinke ɗaya a gaban hotonta. Ya shayar da tukwanen furenta, waɗanda ba ya so amma yake tsoron su mutu a hannunsa. Sha ɗaya ya zo wurina ya ci kwano ɗaya, ya ce gishiri ya yi yawa, in ce harshensa ne ya tsufa. Akwai ranakun da wannan musun gishirin shi ne duk maganar da ya yi da ɗan Adam.

Bayan bikin sabuwar shekara ɓarawo ya shiga wani gida a lungun baya, ya tafi da babur da tukunyar dafa shinkafa, har da shinkafar a ciki. Labarin ya isa Taiwan kafin ya iso teburina, abin da har yau yake ci mini rai. Kwana huɗu sai ga wani mai rigar kamfani da tumbi ya zo gidan Bakwai da kwali, Diem ce ta turo shi. Ya kafa wani farin akwati a bangon falo kusa da ƙofar gaba. Kowace ƙofa da kowace taga ya manna mata 'yan robobi biyu, ɗaya da maganaɗisu a ciki, in suka rabu su kai ƙara. A kusurwa ya rataye wani ido mai ganin motsi. Babu wayar wuta ko ɗaya a tsakaninsu, ta iska suke magana da akwatin. Shi kuma akwatin in ya ji abin da bai gamshe shi ba ya saki jiniya, ya kuma aika wa Diem saƙo a can ƙetaren teku.

Bakwai ya bi mutumin ɗaki-ɗaki, hannu a baya, ido yana ƙyalli.

"A wane zango suke magana, ɗana?"

"Kawu, kai dai riƙe lambobi huɗun nan. Sauran ba naka ba ne."

Kwana tara lafiya. Ran na goma da hantsi, wajen goma da rabi, ina tsakiyar zuba romo sai wani ihu ya tsaga lungun, ludayi ya suɓuce mini cikin tukunya. Maza suka fito da sanduna. Mai aski ya fito da almakashi, wanda ya yi wa rabin aski yana biye da shi. Muka tarar da Bakwai da singileti da butar shayar da fure. Ba ɓarawo, ba ko kyanwa. Ya danna lambobinsa, abin ya yi shiru. Kafin mu juya ya sake. Sau huɗu, sannan ya bari don kansa kamar jaririn da ya gaji.

Bayan sati biyu aka maimaita. Wannan karon mutum uku suka fito. A karo na uku ba wanda ya fito, sai wata da ta leƙo ta taga ta ce, "Kawu Bakwai, a ba ɗan naka nono mana!"

Mai tumbi ya dawo sau biyu. Zuwan farko ya sauya batura, ya ce tsaka ce ke bi ta kan idon, ya ce fanka ce ke kaɗa labule, ya ce ƙofar katako ta kumbura. Zuwa na biyu ya duba wayarsa ya ce ba ƙofa ce ta kai ƙara ba, ba ido ba ne, akwatin ne da kansa yake cewa an yi masa katsalandan. Irin wannan kukan ko a kashe yake sai ya yi shi, domin a ganinsa ɓarawo ne ke son buɗe shi ko toshe masa kunne. Mutumin ya faɗi haka, sannan ya dubi sukudirebobin Bakwai da ke jere a ƙarƙashin matakala, ya daɗe yana dubansu. Abin da ya gaya wa Diem ban ji ba, amma ba sai na ji ba.

Ranar kuka na huɗu ta kira shi yana zaune a teburina. Kunnensa na hagu ya yi nauyi, don haka a fili yake sakin muryar wayar, duk lungu mu sha labari.

"Baba, ka buɗe akwatin nan?"

"Ban buɗe ba."

"Ka tuna ba ka buɗe ba, ko kuwa ba ka tuna ka buɗe ba?"

Ya ajiye cokalinsa.

"Baba, aikina ke nan, na san yadda yake farawa. Akwai wani tsoho a nan, injiniya ne, sau uku yana kwance fankar ɗakinsa yana rantsuwa ba shi ba ne. Goggo Huɗu, kina kusa? Yana barin murhu a kunne?"

Na ce, "Ubanki ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, wane murhu zai bari? Ke dai ki riƙa cin abinci, muryarki ma ta rame."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce duk sanda saƙon ya shigo tana tsakiyar ɗaga wata tsohuwa ne ko ba da magani, gabanta ya faɗi, shugabarta har ta fara harararta. Ta ce sun yi magana da Phat, an gyara masa ɗaki a gidan Phat ɗin. In abin bai tsaya ba, zai zo da mota.

Bakwai ya taɓa yin kwana biyar a gidan Phat. Tagogin ba sa buɗuwa. Phat da matarsa su fita da sassafe, sai rana ta faɗi su dawo. Ya ce mini daga can sama mutane ba su da fuska, sai hulunan babur. Surukarsa ta riga ta faɗa cewa akwatunan tarkace ba za su hau ginin ba, hayaƙin turare kuma yana tada ƙararrawar gobara, don haka Lua sai dai a kunna mata na lantarki.

Ya sayi ɗan littafi ya rubuta ranakun kuka da lokacinsu. Ya cire akwatin intanet daga falo ya kai kicin. Ya kashe firji wuni guda har kifinsa ya yi wari. Ya auna tazarar kowane maganaɗisu da rula. Ya bi gida-gida yana tambaya ko wani ya sa sabuwar ƙararrawar ƙofa, ko sabon makirufon waƙa. Ya ce duk waɗannan ƙananan abubuwa a zango ɗaya suke cunkushe, kamar mata a bakin famfo ɗaya, in ɗaya ta ɗaga murya ta ƙi saukewa ba a jin sauran. Kowa ya ce masa a'a. Ranakun ma suka ƙi ba shi komai. Tsakaninsu wani lokaci kwana sha huɗu, wani lokaci sha shida. Ya ce shi bai san injin da ke lissafi haka ba.

Wata rana ya cinye kwanonsa bai ce komai a kan gishiri ba. Ya matso da kujera, ya rage murya.

"Huɗu, na manna zare a murfin akwatin da ƙwayar dafaffiyar shinkafa. In na buɗe ban sani ba, zaren zai gaya mini."

Sai na ƙara masa romo.

Kuka na biyar ya zo, zare yana nan bai motsa ba. Diem ta ce nan da wata ɗaya Phat zai sami hutu. Sha ɗaya Bakwai ya zo fuska a murtuke, ya leƙa kwano ya yi tsaki.

"Awara kuma? Ke Huɗu, duk ranar da abin nan ya ɓata mini rai sai in zo in tarar babu nama. Haɗa baki kuka yi?"

"Kai dai ci, tsohon mai ƙorafi, ai haƙoranka ma..." Sai na tsaya da ludayi a sama. "Yaya Bakwai, sake faɗa."

"Na ce haɗa baki kuka yi?"

"Kawo littafin nan."

Ni ba na dafa nama ranar ɗaya da ranar sha biyar ga watan sama. Rabin lungun ba sa ci a ranakun, uwata ma haka ta yi. Na ciro kalandar da mai gas ya ba ni daga jikin ƙusa, muka bi ranakunsa biyar, ina karanta ƙananan lambobin watan sama da ke ƙarƙashin manya. Ɗaya, sha biyar, ɗaya, sha biyar, ɗaya.

"Shekara saba'in da huɗu kana kallon manyan lambobi," na ce. "Ƙananan na ƙasa fa, ka ɗauka kashin ƙuda ne?"

"Lua ce ke karanta su," ya ce.

Ranar sha biyar tun ƙarfe tara ya fito da kujera ya zauna a ƙofarsa da wani abu a cinya. Hanjin tsohuwar ƙararrawar ƙofa ne ya cusa a robar sabulu, ya haɗa masa lasifikar ƙaramin rediyo, ya yi masa eriya da wayar rataye riga. Mai aski ya leƙo ya ce, "Kawu Bakwai, yau a sama ake kamun kifi?" Bai kula shi ba. Goma da rabi saura kaɗan robar ta fara gurnani, brrrr, ba tsayawa. Ba a yi minti ɗaya ba jiniya ta amsa. Bakwai bai je ya kashe ta ba. Ya miƙe, ya juya eriyar hagu, gurnanin ya ragu. Ya juya dama, ya ragu. Ya miƙa ta gaba, ya ƙaru. Taku huɗu ya yi, faɗin lungunmu ke nan, ya tsaya a ƙofar Suong.

Na bar tukunyata a kan wuta na bi shi, in ta ƙone ta ƙone.

Suong 'yar ƙaramar mace ce, in tana magana sai ka matso. Mijinta Toai ƙanƙara yake kai wa shaguna a babur, shekara biyu ke nan da rasuwarsa. A zamaninsa gidan yana da ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama da inji, ta farko a lungun, yana ji da ita kamar shi ya haife ta. Tun daga daidai teburina yake danna rimot, kafin ya isa ta buɗe, ya shige bai sa ƙafa a ƙasa ba. Bayan ya mutu injin ya ƙone, ɗansu ya cire ƙofar ya sa ta hannu mai ja gefe. Wannan ɗan kuwa tun ranar da aka binne ubansa yake auna gidan da ido, yana cewa uwarsa ba za ta iya zama ita kaɗai ba.

Mun same ta a durƙushe gaban teburin da hoton Toai yake. Ayaba, shinkafa, awarar da ta saya a wurina da safe, kofunan shayi uku, turare uku suna hayaƙi. A ƙarƙashin ƙafar kaskon turaren, na tagulla mai nauyi, wata 'yar jar wuta tana ci. Rimot ɗin Toai ne, har da zoben makullansa, kaskon ya danne maɓallin.

Robar sabulun tana ta gurnani kamar za ta fashe. Bakwai ya kashe ta.

"Ƙanwata, wannan fa?"

Ta dube mu, ta dubi ƙasa. "Ƙofa nake buɗe masa, Yaya. Bai saba a buɗe masa da hannu ba. In na ja waccan sai in ga kamar ba zai gane gidan ba. Ina barinta a buɗe har turaren ya cinye, ya ci abincinsa a natse." Ta ce duk wata take sayen sabon batir a wurin mai gyaran agogo, saboda wutar tana dusashewa.

Bakwai ya ɗaga kaskon da hannu biyu ya zare rimot ɗin. Jar wutar ta mutu. Ya tsallaka gidansa ya danna lambobinsa, jiniya ta yi shiru, ba ta sake ba. Suong ta bi shi da ido, ta dubi rimot ɗin, na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta rufe baki da hannu.

"Ni ce? Duk watannin nan? Ni kuwa ina cewa a raina wannan jiniya ba ta da kunya, kullum sai Toai yana cin abinci." Da Bakwai ya dawo ta ce, "Na daina, Yaya. Daga yau na daina." Ta faɗa tana riƙe da makullan a ƙirji, da fuskar wadda aka ce ta je ta sake binne shi.

"Ba wanda ya ce ki daina," in ji Bakwai.

Diem ta kira, ya ce mata ya kusa kama abin. Ta ce saura ɗaya, Baba, ɗaya tak.

Na zaunar da shi a teburina. "Kai wawan ina ne? Ga gaskiya a hannunka. Gaya wa 'yarka ba kai ba ne, ka wanke kanka."

"Diem ta gaya wa Phat. Phat ajinsu ɗaya da ɗan Suong. Kafin yamma ya ji uwarsa tana buɗe wa matacce ƙofar da babu ita. Wa kike ganin za a zo wa da mota?"

"To bar ta ta daina, ai ita ta ce."

"Kin ga fuskarta."

"To karɓi abin ka tsinke masa wani abu a ciki, ka bar mata jar wutar. Ita wuta take kallo. Wa zai sani? Toai?"

Ya dube ni kamar na tofa masa yawu a kwano. "Ban taɓa mayar wa mutum mataccen abu na ce yana aiki ba."

"Shi ya sa ka tsufa da singileti biyu."

Ya ce a cikin rimot akwai wani ɗan gwangwani kamar ƙwayar wake, shi ke tsayar da shi a zangon da yake magana. In aka cire aka sa na wani zango, rimot zai ci gaba da kira, akwatin Diem kuwa ba zai ji ba. Ya yi kwana biyu yana zazzage akwatunansa har ya samo irinsa a wani tsohon rimot na mota. Matsalar ita ce hannunsa. Shekara biyar rabonsa da ƙarfen narka dalma, yanzu in ya ɗauki cokali rabin romon a kan teburina yake ƙarewa. In zafi ya yi yawa ko hannu ya goce, abin ya mutu, kuma irinsa na Toai shi kaɗai ne a duniya.

Suong ta yi kwana uku kafin ta yarda, kuma ta ce rimot ba zai fita daga gidan ba. A gaban hoton Toai aka yi aikin, da rana tsaka, a kan tire. Ni aka ba riƙon gilashin ƙara girma da tocila.

"Huɗu, daina rawa."

"Ni ce ke rawa? Dubi hannunka, kamar mai barbaɗa barkono."

"To yi shiru."

"Sai dai ka zaɓi ɗaya."

Ya dafe tsintsiyar hannunsa na dama da na hagu, ya riƙe numfashi, ya taɓa. Warin dalma ya gauraye da ƙamshin turare. Tsohon gwangwanin ya fita. Sabon bai zauna ba sai a gwaji na uku. Ya mayar da batir, ya danna.

Babu wuta.

Suong ta zauna a ƙasa. Ni kuwa tocilar ta yi mini nauyi. Bakwai ya karɓi gilashin ya duƙa har hancinsa ya kusa taɓa abin. Ya daɗe a haka. Sai ya nemi allura, ya kankare wani ɗigon dalma da ya haɗe ƙafafu biyu, ɗigon da ni ko da gilashin ban gan shi ba. Ya danna. Ja.

Ya ɗauko robar sabulunsa ya kunna. Shiru, wato akwatin Diem ma ba zai ji ba. Ya sa siririn tsinke ya juya wani abu a cikinta a hankali, a hankali, sai ga gurnanin ya dawo a sabon wurinsa.

"Zai ji, Yaya?" in ji Suong.

Na zuba masa ido, ina roƙonsa a raina ya yi ƙarya sau ɗaya dai a rayuwarsa.

"Ban sani ba, ƙanwata. Ban taɓa gyara na can ba. Abin da na sani, yana fita." Ya miƙa mata robar. "Ga shi, saurara."

Ta kara a kunne. Shekara biyu tana kira, ba ta taɓa jin muryar kiran ba. Ta danna, ta saki, ta danna, ta saki. Muka tattara kayanmu muka fito, ba ta ma san mun fita ba.

Ranar ɗaya ga wata na soya awarata. Goma da rabi hayaƙin turare ya fito ta ƙofar Suong. Bakwai yana zaune a teburina ya juya wa gidansa baya, bai taɓa kwanon ba. Sha ɗaya ta yi, sha ɗaya da rabi ta wuce. Ba abin da ya yi kuka a lungun. Sannan ya ja kwanon ya ci taliyarsa da sanyinta.

Hutun Phat ya zo ya wuce, mota ba ta zo ba. Da aka yi wata guda shiru, Diem ta tambaya.

"Baba, to wai mene ne ya same shi?"

Ina tsaye a kansa, na buɗe baki, ya taka mini ƙafa.

"Ni ne. Ina ɗan taɓawa. Na daina."

Sai na ji tana jan hanci. "Ba komai, Baba. Ka kyauta da ka faɗa. Ka kyauta ƙwarai."

Shekara ɗaya da rabi ke nan, yana gidansa. Aikin da ya fi kowane aiki da ya taɓa yi mutum uku suka san shi: ɗaya ba ta magana, ɗaya ba ya yabon kansa, ni kuwa an taka mini ƙafa. Ku kam kuna nesa, ba ajinku ɗaya da ɗan kowa ba.

Diem tana kira duk Lahadi, yanzu da hoto. Sai dai muryarta ta sauya. Da ƙarfi take magana, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, tana murmushi. Da can takan kawo masa ƙarar shugabarta, ta tambaye shi ko ta sabunta takardar aikinta ko ta dawo, su yi ta ja har batir ya ƙare. Yanzu ba ta kawo masa komai, duk abin da ya ce kuma ta ce haka ne. Ran Lahadin da ta wuce ta fito da sabon aski, gajere. Ya daɗe yana kallonta, sai ya ce bai yi mata kyau ba ko kaɗan, ta koma kamar kurtun soja. Ya gyara zama yana jira.

"To, Baba," in ji ta. "Ka riƙa shan ruwa da yawa, ka ji?"

Minti uku aka gama. Ya kifa wayar a kan teburi ya ɗora hannu a bayanta.

"Askin ya yi mata kyau, ko, Huɗu?"

"Ya yi," na ce.